Hutu a jirgin ruwa daga Damagaram: wace hanya, wane ɗaki, wane abinci

Wata ranar Alhamis, bayan an tashi daga kasuwar Dole, Yayana ya same ni a ƙofar gida a Birni da waya a hannu. Wani mai sayar da tikiti ne ya turo masa hoton jirgin ruwa mai hawa goma sha wani abu, da farashin kwana 7 a Bahar Rum wanda bai fi kuɗin manyan raguna biyu ba. Ya ce, "Ƙanena, kai ka taɓa shiga irin wannan. Ina so in kai Hajiya ta huta. Wanne zan biya?" Na ce, "Yaya, kada ka biya ko dala tukuna. Zauna mu yi lissafi."

Farashin da ake sawa a talla na mutum ɗaya ne, a ɗakin da ya fi kowane araha, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ciki, kuma daga tashar jirgin yake farawa. Mu kuwa ba mu da teku. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, sannan jirgin sama, sannan otal, sannan biza. Wanda ya fi kusa da Kano yana iya tashi ta can, amma lissafin bai canza ba: kafin ka taka jirgin ruwa, sau da yawa ka riga ka kashe fiye da kuɗinsa. Shi ya sa nake cewa a fara zaɓen hanya kafin a kalli hoton ɗaki.

Hanyar da aka fi tallatawa ita ce ta yammacin Bahar Rum. Jiragen kamfanonin MSC da Costa suna zagaye Basalona, Marsey, Jenowa, Civitavecchia wadda ita ce tashar birnin Rum, wani lokaci har da Palermo ko Malta, su dawo inda suka tashi bayan mako guda. Tafiya ce mai kyau, kusan kowace safiya ka farka a sabon gari. Ƙayarta biza ce. Kuɗin bizar Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, wato kusan jika 59, tunda yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kuma ba a mayar da shi idan an hana ka. Sai an nuna inshorar lafiya da ta kai yuro 30.000. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe tun farkon 2024, don haka neman ya zama aikin da ake farawa da watanni. Akwai wani tarko kuma: idan jirgin zai tsaya a Tunis, ka fita daga yankin Schengen ke nan, kuma biza mai shiga sau ɗaya ba za ta mayar da kai ba. Duk wanda zai bi wannan hanya ya nemi tikitin da ake iya sokewa a dawo masa da kuɗinsa, ko da ya ɗan fi tsada. Araha ba ta ado.

Hanya ta biyu, wadda ni na fi so wa mai fara irin wannan tafiya, ita ce Kogin Nilu a Masar. Jiragen can ƙanana ne, hawa huɗu ko biyar, ɗakuna ƴan gommai. Daga Luksor zuwa Aswan dare 4 ake yi, daga Aswan zuwa Luksor dare 3, ana tsayawa a Edfu da Kom Ombo, ana bi ta madatsar Esna inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi da ruwa. Babu igiyar teku, babu jiri. Kana zaune kana kallon gonakin rake, dabino, jakai da ƴan yara a bakin gaɓa, kana jin kiran salla daga ƙauyuka. Mutumin Damagaram, wanda ya san darajar jarka ɗaya ta ruwa a watan Afrilu, idan ya ga wannan kogi yana ratsa hamada sai ya yi shiru. Ni dai na yi. Lokacinsa daga Oktoba zuwa Afrilu ne, don zafin Aswan a bazara ba ya jin kunyar namu. Abin lura ga mai tafiya da dattijuwa: da yawa daga jiragen Nilu ba su da lif, kuma idan sun tsaya suna jeruwa ne gefe da gefe, sai ka ratsa ta cikin jirgi uku ko huɗu kafin ka taka ƙasa. Yawon gumakan Karnak da Kwarin Sarakuna, wuraren tarihi na Luksor, ma na ƙafa ne, da sassafe.

Ta uku sabuwa ce. Kamfanin AROYA na Saudiyya ya fara tashi daga Jidda a watan Disambar 2024 da babban jirgi mai ɗaukar fasinja fiye da 3.000, yana zagaya Bahar Maliya, kuma a bazarar 2025 ya koma tashi daga Istanbul. Babu giya a cikinsa, babu caca, abincin duk halal ne, akwai wuraren salla. Ga iyali irin namu wannan ya sauke rabin damuwar. Wanda yake tunanin haɗa shi da Umra ya tabbatar bizarsa ta yarda a fita Saudiyya a sake shigowa, tunda jirgin yana leƙa Masar ko Jodan. A kuma duba jadawalin shekarar da kyau, domin tun ƙarshen 2023, da aka fara kai wa jirage hari a kudancin Bahar Maliya, kamfanoni da dama sun sauya hanyoyinsu.

Yanzu ɗaki, inda aka fi yin asara.

A manyan jirage iri huɗu ne. Na ciki ba shi da taga ko ɗaya. Na biyu yana da taga mai kallon ruwa, amma a like take, ba ta buɗuwa. Na uku yana da ƴar baranda da kujeru biyu. Na huɗu shi ne na manya, mai falo, wanda kuɗinsa ya isa tafiyar mutum biyu ko uku, kuma ban ga dalilinsa ba sai ga wanda kuɗi ba ya damunsa.

Masu ba da shawara sukan ce ɗakin ciki ya isa, tunda barci kaɗai za ka yi a can. Gaskiya ne ga saurayin da zai wuni a waje. Amma idan aka kashe fitila a ɗakin nan, duhun ƙarfe biyun dare da na ƙarfe biyun rana ɗaya ne. Mai tashi asuba ba shi da abin dogaro sai agogon waya, ita kuwa waya a teku tana iya ɗauko lokacin wata ƙasa ta rikita ka. Mu da muka saba kwana a tsakar gida lokacin zafi, rufe mu kwana bakwai a inda ba a ganin sama ba ƙaramin abu ba ne. Idan aljihu ya yi nauyi kaɗan, a ƙara a ɗauki mai taga. Sai dai a tambaya ko kwale-kwalen ceto ya tare ta, don akwai ɗakunan da ake rage wa kuɗi saboda haka, kuma ba kowane mai sayarwa ne zai faɗa maka ba.

Baranda fa? Ga matan aure da ba sa son zama cikin cunkoson bakin wurin ninkaya, inda shigar mutane ba irin tamu ba ce, baranda ita ce tsakar gidansu. Hajiya za ta zauna ta sha iska ba tare da mayafi ya dame ta ba, ta ga fitowar rana da faɗuwarta. A jiragen Turai ina ganin ta cancanci kuɗinta saboda wannan kaɗai. A watannin sanyi kuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, iskar Bahar Rum ba za ta bar kowa ya zauna ba, sai a tsaya ga mai taga. Mai ƙananan yara kuma ya yi tunani sau biyu.

Abin da ya fi irin ɗaki muhimmanci shi ne inda yake. Jirgi yana rangaji ne a goshi da wutsiya, kuma hawa na sama ya fi jinsa. Mai saurin jiri da tashin zuciya ya nemi tsakiya, a hawa na ƙasa-ƙasa. A buɗe taswirar jirgin, wadda kowane kamfani ke sawa a intanet, a duba abin da ke saman ɗakin da ƙasansa. Mafi kyau a ce ɗakuna ne sama da ƙasa. Ƙarƙashin wurin ninkaya ana jan kujeru tun asuba, saman gidan rawa kiɗa na kaiwa tsakar dare, can gaba kuma ana jin ƙarar sarƙa idan za a tsaya. Akwai tayin da za a rage maka kuɗi a kan kamfani ne zai zaɓa maka ɗaki. Ga mai tafiya shi kaɗai babu laifi. Ga mai iyali ban ba da shawara ba, don ana iya ajiye ku hawa daban-daban. Masu ƴaƴa manya su nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, ya fi cusa mutum huɗu a ɗaki ɗaya da gadajen da ake saukowa da su daga rufi. Shi kuma mai tafiya shi kaɗai ya sani zai biya kusan kuɗin mutum biyu.

Kada a manta da buta. Banɗakin jirgi ƙarami ne, kuma a jiragen Turai babu tiyon tsarki. A tafi da darduma. Talabijin ɗin ɗaki yakan nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, wannan yana taimakawa wajen gane alƙibla, amma hukuncin ƙasaru da juyawa idan jirgi ya juya, a tambayi malami kafin a bar gida. Dutsen guga da tukunyar lantarki ta dafa ruwa an hana shiga da su saboda gobara, balle ƴar murhun gawayi ta shayi.

Abinci yana cikin kuɗin tikiti, amma ba duka ba. Akwai wurin da kowa ke zuba wa kansa, a buɗe kusan duk wuni, akwai kuma babban ɗakin cin abinci inda ake zama a kawo maka. Wannan na biyun a jiragen Turai zama biyu ne da dare, na farko wajen ƙarfe 6 da rabi, na biyu wajen 9. Na farkon yakan ci karo da magariba a wasu watanni, na biyun ya yi wa yara da tsofaffi dare. A zaɓa tun lokacin biya, kuma a nemi teburin iyali idan ba a son zama da baƙi. Gidajen abinci na musamman kuɗinsu daban ne, ana iya gama tafiyar ba a leƙa su ba.

Maganar halal ita ce ta raba hanyoyin nan uku. A jirgin Jidda an gama magana. A Nilu ma nama yankan Musulmi ne galibi, sai dai a kiyayi ruwan famfo da ɗanyen ganye, don ɓacin ciki ya lalata wa mutane da yawa tafiya. A jiragen Turai kuwa sai an buɗe ido. Naman alade yana ko'ina a teburin safe. Mu da muka yi lakwal mun san porc da jambon da lardons, amma a jirgin Italiya za ka ga maiale, prosciutto, pancetta, salame, duk shi ne. Ana zuba giya a wasu miyar da kayan zaƙi. Wanda ke son naman halal ya rubuta wa kamfani makonni kafin tafiya, ya karɓi amsa a rubuce. Idan ba a samu ba, kifi, ƙwai, taliya, shinkafa da kayan marmari sun isa mako guda. A nan zama a babban ɗakin ya fi zuba-da-kanka, domin ma'aikaci ɗaya ne zai riƙa kula da teburinku kullum, ka faɗa masa sau ɗaya ya riƙe, ba kamar inda cokali ke yawo daga wannan tire zuwa wancan ba. Ƴar kwalbar yaji tana gyara komai. Kilishi dai a bar shi a gida idan Turai za a, dokarsu ta hana matafiyi shiga da nama ko madara.

Za a tallata maka kunshin abin sha na duk tafiya. An tsara yawancinsu ne don masu shan giya, kada ka biya abin da ba za ka taɓa ba. Ruwa, shayi da kofi kyauta ne a wurin zuba-da-kanka, amma ruwan kwalba a teburin dare yakan zama na saye. Ƙaramin kunshin ruwa da lemo ya wadatar.

Sauran kuɗin da ke ɓoye ba su da yawa amma suna cizo. Ana sa kuɗin hidima a kan kowane babba kowane dare. A ce yuro 12 ne: mutum biyu, dare 7, yuro 168 ke nan, kusan jika 110. Intanet na saye ne, kuma layin waya a tsakiyar teku yana cin kuɗi kamar wuta, a kashe shi. Ganin likitan jirgi ma da kuɗi. Ba a ciniki da tsabar kuɗi a ciki, kati ɗaya ne mabuɗin ɗaki da jakar kuɗi, sai a duba lissafinsa kowace rana. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24. Fasfo ya rage masa aƙalla wata 6, katin rigakafin shawara yana cikin jaka. A isa garin tashar da kwana ɗaya kafin ranar tashi, domin jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da ake bugawa direba waya ya jira. Haka ma a garuruwan da ake tsayawa: idan da motar yawon jirgi ka fita aka makara, za a jira ku, idan da ta kanka ce, sai ka bi shi gari na gaba da kuɗinka.

Da muka gama, Yaya ya ce, "To, kai da Hajiya ce mahaifiyarka ko matarka, ina za ka kai ta?" Na ce idan gwiwarta na ɗaukar matakala, Nilu a watan Disamba, dare 4 daga Luksor, ɗaki a hawa na tsakiya nesa da inji. Idan ba ta ɗauka, jirgin Jidda, mai baranda, kusa da lif. Ya ce gwiwar ce matsalar. Washegari bayan sallar Juma'a ya ɗauko fasfonsu biyu muka duba, na Hajiya saura wata huɗu ya ƙare, sai muka fara daga nan.