Inda aka gyara mana zomanya a Katsina, aka kuma raba ta da dusa

Shagunan maganin dabbobi a garin nan na masu kaji ne da masu turkar rago. Ka leƙa duk wanda ka ga dama, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, abin da ke jere a kanta ɗaya ne: bitamin na kaji, maganin tsutsar ciki, maganin kaska, dutsen lasa. Mai zomo in ya zo sai a dube shi a yi murmushi, a ƙulla masa wani gari a leda a ce ya zuba a ruwan sha. Shi ya sa na ga ya dace in yi magana a kan wani shago da na samu ya bambanta, saboda likitan da ke zama a cikinsa. Ba zan kama suna ba, don yabon da zan yi yana tafe da ƙorafi, kuma mutumin bai roƙe ni talla ba.

Zomanyar ta ƙanwar maigidana ce. Da aiki ya mai da su Kaduna sai ta bar wa ɗiyata ita, fara sol, mai dogon gashi, ga ƙiba har wuyanta ya ninku. Ɗiyar tawa ta raɗa mata Amarya. A can gidan abincinta kwaɓaɓɓiyar dusa ce safe da yamma, da ƙanzo, da karas, da duk abin da yara suka rage, yadda dai akasarin gidaje ke kiwon zomo. Cikin watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, wari ya fara tashi daga kejinta ko an share. Da muka ɗaga ta sai ga ƙarƙashin wutsiyarta ya cukurkuɗe, kashi da gashi sun haɗu sun daskare kamar dunƙulen daddawa, ƙudaje na ta bi.

Na ɗauka likitan zai karɓe ta ya nufi famfo. Ko kusa. Tambayar farko da ya yi ita ce, "Hajiya, mi take ci?" Na lissafa masa. Ya ce, "Ciyawa fa?" Na ce jefi-jefi. Ya gyaɗa kai, ya ce in nuna masa irin kashin da muke sharewa. Na ce iri biyu ne, akwai busasshe mai ƙwaya-ƙwaya, akwai kuma wani mai laushi da wari da ke liƙewa a ƙasan keji. A nan ya yi mana bayanin da ko da shi kaɗai na samu, kuɗin Napep ɗina bai tafi a banza ba.

Ashe wannan mai laushin ba zawo ba ne. Zomo yana da wani babban reshen hanji inda ciyawar da ya ci ke ruɓa, ƙwayoyin halitta masu amfani su sarrafa ta. Daga nan yake fitar da wasu ƙananan ƙwayoyi masu sheƙi, manne da juna, lulluɓe da yauƙi. Lafiyayyen zomo ba ya barin su su faɗi ƙasa. Sunkuyawa yake ya karɓe su da baki tun daga mafitarsu ya haɗiye, yawanci da dare ko da asuba, kuma daga gare su yake samun bitamin B da wani kaso na furotin. Idan aka cika shi da dusa da tuwo da kayan zaƙi, abu uku ne ke faruwa: wannan kashin ya yi yawa ya kuma ƙara laushi, zomon ya ƙoshi har ya daina sha'awarsa, sannan ƙiba ta hana shi lanƙwasawa ya kai bakinsa wurin. Sai ya zauna a kai. Gashi ya kwashe, gobe wani ya hau kan wani. Ɗiyata ta yamutsa fuska ta ce, "Likita, kashinta take ci?" Ya ce mata, "Ranar da kika ga ta koma ci, ranar ta warke."

Wajen aikin kuwa, ban da abin cewa. Bai ɗora ta kan tebur ba. Tabarma ya sa aka shimfiɗa, ya zauna a ƙasa, ya naɗe ta da tawul ya bar bayanta kawai a waje, ya ce wa ɗiyata ta rufe mata idanu da tafin hannu. Dalilinsa shi ne ƙafafun zomo na baya sun fi ƙarfin ƙashin bayansa, in ya firgita ya yi harbi a iska yana iya karya gadon bayansa da kansa. Ya barbaɗa garin sitacin masara a kan dunƙulen, ya riƙa murzawa da yatsu har gefe-gefen ya saki. Ya ce hodar jarirai ba ta dace ba, don zomo na shaƙa yana kuma lasa. Na miƙa masa almakashin da na zo da shi a jaka, ya ƙi karɓa. Fatar wurin siririya ce ƙwarai, tana shiga cikin dunƙulen in an ja, wanda bai sani ba sai ya yanke ta yana ganin gashi yake yanka. Ƙaramar kilifa mai caji ya fito da ita, ya riƙa zura kum tsakanin fata da dunƙulen yana askewa ta saman kum ɗin, kaɗan-kaɗan, yana tsayawa in ta fara numfashi da sauri.

Da dunƙulen ya fita sai ga fatar ta yi ja, ta ɗan saɓule. Ya kira ni ya nuna mani wasu ƙananan abubuwa farare-farare, a jere a gindin gashi. Ƙwan ƙuda ne. Ya ce a irin zafi da laimar damina ƙwan nan na iya ƙyanƙyashewa cikin yini guda, tsutsar ta fara cin naman dabbar da ranta, kuma zomo da yawa a haka suke mutuwa mai shi yana cewa ba ta yi ciwo ba. Ya tsefe su tas da ƙaramin kum, ya duba kowane lungu da fitilar waya.

Sai bayan duk wannan ruwa ya shigo, shi ma ɗan kaɗan, mai ɗumi, a roba marar zurfi. Bayanta kawai ya tsoma, ƙirjinta na kan hannunsa. Babu Omo, babu Dettol. Ya ce kada mu taɓa yi mata wanka gaba ɗaya, don gashin zomo ba ya bushewa da wuri, sanyi na kama shi, tsoron ruwan kaɗai ma na iya kayar da shi. Ya tsane ta da tawul har ta bushe ƙayau, ya shafa wani mai siriri a inda ya yi ja. Akwai kuma wasu 'yan aljihu biyu a gefen al'aurarta da ban taɓa sanin da su ba, cike da wani baƙin maiƙo mai wari, ya goge su da auduga. Ya yanke mata farce. Ya leƙa bakinta da abin duba kunne, don haƙoran zomo 28 ne kuma ba sa daina tsiro, na gaban suna ƙaruwa da kimanin milimita 2 a mako. In ba ta tauna ciyawa, turamen kan yi tsini su yanki harshe ko kumatu, ta daina gyara jikinta. Nata sun fara ɗan kaifi amma ba su kai ga a taɓa ba.

Abin da ya fi burge ni, bai sayar mani da maganin sha ko na sisi ba, alhali yana zaune a tsakiyar kantar magani. Na ma tambaye shi ko a ba ta kafso, yadda ake ɓare wa kaji a ruwa. Ya ce, "Hajiya, don Allah kar ki soma." Amoksisilin da amfisilin da danginsu, in aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin nan masu amfani na hanjinsa, zawo na gaske ya biyo baya, sau da yawa har mutuwa. Haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fipronil, guba ne ga zomo. Maganinta, in ji shi, yana wurin masu ciyawa.

Tsarin da ya ba mu mai sauƙin faɗi ne, mai wuyar bi in akwai yara a gida. Kashi 80 cikin 100 na abin da za ta ci ya zama ciyawa, ɗanya ko ingirici, a tara mata tuli kamar girman jikinta kullum. Dusa da ƙanzo da burodi a janye su, amma a hankali, ana ragewa ana ƙara ciyawa, don canjin abinci farat ɗaya shi ma yana birkita cikin zomo. Karas ɗin da kowa ke ganin shi ne abincin zomo, sukari ne, ɗan yanki ya isa, ganyensa ya fi shi amfani. Bayan cikin ya daidaita sai a shigo da ganye, cikin hannu guda: ganyen dankali, zogale, ɗan latas, iri ɗaya a lokaci guda don a gane wanda bai karɓe ta ba. Na ce harawa fa, tunda ita ce a wadace? Ya ce harawar wake da ta gyaɗa suna da kyau ga mai shayarwa da 'ya'ya masu tasowa, amma ga babbar zomanya da ke zaune ba ta aikin komai sun yi maiƙo, ga sinadarin kalsiyam da yawa, wanda zomo ke fitarwa ta fitsari har ya yi kauri ya ƙona fata. A ba ta kaɗan a gauraya da ciyawa.

A damina samun ciyawa ba wuya. Harkiya da ƙyasuwa da burburwa duk tana ci, harkiya ta fi so. Sai dai na koyi tambayar mai ciyawa inda ya yanko, saboda yanzu gonaki da yawa feshi ake musu, kuma nakan baza ta a inuwa ta sha iska kafin in ba ta, ba a jiƙe ko a cushe cikin buhu ba. Mai son ya huta da rani ya sayi ingirici tun da kaka ya adana a inda ruwa ba ya taɓawa, don in aka doshi babbar Sallah masu raguna ba sa bar wa kowa.

To, ga inda shagon ya gaza. Yaron da ke tsaron kanta, da muka iso, kunnuwanta ya cafka ya ɗaga ta sama tana wutsil-wutsil. Sai da likitan ya daka masa tsawa. Kunnen zomo ba mariƙi ba ne, cike yake da jijiyoyin jini, ta nan yake rage zafin jikinsa, kuma wanda ke aiki a irin wannan wuri bai kamata sai an gaya masa ba. Wurin jira benci ne guda a bakin titi, rana na dukansa, ga wani ya zo da kare, ga rago na kuka, ga hon ɗin babura. Ga dabbar da komai tsoro yake ba ta, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan likitan ba kullum yake nan ba, yana fita gidajen gona. Ranar da na koma a duba fatar ban same shi ba, kuma a gabana yaron nan ya ƙulla wa wani dattijo garin magani don zomayensa ba tare da ya tambaye shi komai ba. Ni ma ya so ya tura mani abincin zomo na kamfani da suke ƙullawa a farar leda, ba suna, ba kwanan wata, an juye daga babban buhu. Na shinshina na ji warin laima, na ajiye masa. Likitan da kansa cewa ya yi in ma za a ba ta irin wannan abincin, kada ya wuce kamar cokalin cin abinci ɗaya ga kowane kilo na nauyinta a yini.

Kuɗin aikin ba shi da tsayayyen farashi, sai da aka gama ya faɗa. Ya kai kusan kuɗin sayen wata zomanyar a kasuwa, abin da maigidana bai gaji da maimaitawa ba. Ni dai na ga aikin da aka yi, ban ji an cuce ni ba. Da dai sun rubuta bayanin abincin a takarda da ya fi, don ni a waya na riƙa rubutawa yana magana.

Amarya ta yi fushi da farko. Takan kifar da kwano ta koma lungu ta juya mana baya, yara kuma sai na sa ido don kada a saci ƙanzo a kai mata. Daga baya ta sallama. Busasshen kashin ya ƙara girma, ya yi haske, in ka murƙushe shi sai ka ga zaren ciyawa. Mai laushin ya daina bayyana a ƙasan keji, gashin ya tsiro fari, ninkin wuyan ya ragu. Wata safiya bayan sallar asuba ɗiyata ta shigo da gudu tana cewa, "Umma, ta sunkuya, wallahi na gan ta tana ci!" Yanzu dokar gidan ita ce a ɗaga ta a duba ƙarƙashin wutsiya safe da yamma muddin ana ruwa, a taje ta, kejin kuma mun kewaye shi da ragar sauro.

Wanda zai je, ya tabbatar likitan na nan kafin ya fito, ya tafi da sassafe, ya sa zomon a kwali mai huji da ciyawa a ƙasa, kada kuma ya miƙa wa yaron kanta. In zomo ya yi rabin yini bai ci ba bai yi kashi ba, ko zawo ne ruwa-ruwa, musamman ga ƙanana, wannan ba na jiran gobe ba ne. A kuma ƙulla kashin iri biyun a leda a tafi da shi, tare da ɗan abin da ake ba shi a gida, don sai likitan ya gan su kafin ya taɓa dabbar.