Ƙaramar kwamfutar tebur: a yi wa BIOS aiki, ko a sayi wadda ta zo da furosesan zubi na 8?

Ƙananan kwamfutocin nan na tebur da mutum kan ɗauka da hannu ɗaya sun samu karɓuwa a Maradi, wajen masu sibar, da masu buga takardu, da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Yawancinsu na hannu ne, ofisoshin Turai da Amurka suka sallame su: Lenovo ThinkCentre Tiny, Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini. Ba su cin wuta sosai, shi ya sa mai sola da batir ke son su. Damuwar da ta taso ita ce, Microsoft ta daina bai wa Windows 10 kariyar da ta saba ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana neman furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na kamfanin Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Waɗanda suka fi araha a shaguna kuwa na zubi na 6 ne da na 7. Daga nan ne maganar yi wa BIOS aiki ta shigo bakin masu gyara, wato a gyara ƴar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, don tsohuwar ta karɓi furosesan zubi na 8.

Asalin abin shi ne, furosesan zubi na 6 da suka fito a 2015, da na 7 na farkon 2017, da na 8 na Oktoba 2017, da na 9 na 2018, duk mazauni ɗaya suke hawa, LGA1151. In ka ɗora i5-8500T (8 ɗin farkon lambar shi ke nuna zubinsa) a kan bod ɗin zubi na 7, wato babban farantin da komai ke haɗe a kansa, zai zauna daram, marfin ya rufe, amma kwamfutar ba za ta tashi ba. Intel ta sauya aikin wasu ƙafafun mazaunin, ta kuma ce sai bod mai cifset, wato guntun da ke haɗa furosesa da sauran sassa, na jerin 300. Masu ƙwaƙƙwafi suka gano cewa da yawa daga tsofaffin bod ɗin za su iya ɗauka, in an shiga BIOS an gyara abubuwa uku: a sa maikrokod ɗin sabon furosesa, wato umarnin da BIOS ke ba shi in zai tashi, a daidaita sashen Intel ME mai sa ido a kan bod, a sabunta direban hoto don allo ya nuna. Akwai manhajar CoffeeTime da aka yi don wannan aiki.

Ga yadda abin yake a kan teburin mai gyara. Ya buɗe akwatin, ya nemo wata ƴar baƙar aisi mai ƙafa takwas wadda BIOS ke cikinta, ya maƙala mata matsi, ya haɗa da na'urar filashin CH341A mai karanta aisi da rubuta mata. Ya karanta abin da ke ciki sau biyu, ya gwada su, sai sun yi daidai harafi da harafi kafin ya ajiye kofin fayil ɗin. Matsin nan in ya goce ko kaɗan, abin da zai karanto shirme ne, in kuma shi aka ajiye a matsayin na asali, babu wurin komawa. Sannan wasu baƙaƙen CH341A suna tura bolt 5 ta layin bayanai alhali aisin na bolt 3.3 ne, gwanin gaske ya san da haka, ya riga ya gyara tasa. Duk mai gyaran da ya ce maka zai sauko da fayil daga intanet ya zuba kawai, ɗauki kayanka ka yi gaba. A cikin BIOS ɗin nan ne lambar na'urar take, da lasisin Windows, galibi har da adireshin katin intanet. Fayil ɗin wani zai shafe naka.

Ba a nan aikin ya tsaya ba, ya danganta da furosesan da ka zaɓa. Masu zuciya huɗu, wato sassa huɗu masu aiki a lokaci ɗaya, irin i3-8100 da ɗan'uwansa i3-8100T, su ne masu sauƙin kai, yawanci ba a taɓa ƙafafunsu. Masu zuciya shida, irin i5-8500T da i7-8700T, a kan bod da yawa sai an liƙe wasu ɗigogin zinariya na ƙasansu da salatif mai jure zafi, a wasu kuma har an haɗa ɗigo biyu. In aka yi sakaci da wannan, ƙafar mazauni na iya ƙonewa, bod ɗin ya tafi ke nan. Ka lura da harafin ƙarshe. T na nufin wat 35, shi aka ƙera yawancin ƙananan nan dominsa. Marar harafi na wat 65 ne, ƴar fankar da cajar wat 65 ba za su iya da shi ba. Mai F kuwa, kamar i3-9100F ko i5-9400F, ba shi da sashen hoto sam. Ka sa shi a nan, allo zai tsaya baƙi ƙirin ko da an yi komai daidai.

Kamfanonin ma ba ɗaya ba ne. Lenovo M710q da M910q su aka fi sani da yarda da wannan aiki. Na HP ajin Elite suna da wani tsaro, Sure Start, da ke mayar da BIOS yadda yake in ya ga an taɓa shi. A kan na Dell da HP gaba ɗaya, ban ba wanda ke koyo shawarar gwadawa da kwamfutar da yake cin abinci da ita ba.

To, me aka samu bayan duk wannan? Daga i5-6500T mai zuciya huɗu zuwa i5-8500T mai shida, ribar a fili take ga mai haɗa bidiyon biki, ko mai zanen kati da allunan talla. Daga i5-7500T zuwa i3-8100T kuwa, huɗu ne ka bari ka koma huɗu. Abin da ka saya shi ne shiga Windows 11, shi ma sai in TPM 2.0, sashen tsaron da Windows 11 ke nema, na aiki a na'urar. Sai abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Wurin maikrokod a BIOS ƙarami ne, sau da yawa sai an cire na tsofaffin furosesa kafin na sabo ya samu wuri, don haka tsohon naka ba lalle ya sake tashi ba. In kuma sabuntawar BIOS ta kamfani ta shigo, wadda Windows da kanta kan iya kawowa, za ta iya shafe aikin, ka wayi gari kwamfuta ba ta nuna komai. Ga kuma yanayinmu. Sassan da ke raba wuta a bod ɗin don zuciya huɗu aka auna su. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, shago rufin kwano, ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, sannan an ɗora musu shida. Kamar jakin da aka saba aza wa buhu biyu ne aka ƙara masa na uku: zai tafi, amma ba za ka san inda zai durƙusa ba.

Hanya ta biyu ita ce sayen wadda ta zo da zubi na 8 daga kamfani: Lenovo M720q da M920q, Dell OptiPlex 3060, 5060 da 7060 Micro, HP ProDesk 400 G4 da EliteDesk 800 G4 Mini. Sun fi tsada, babu musu. Amma ka zauna da biro ka haɗa lissafi da jikunanka: kuɗin tsohuwar, da na sabon furosesa, da ladan mai gyara, da man sanyaya furosesa, wataƙila da babbar caja. Ka cire abin da za a ba ka a kan tsohon furosesan, wanda ba shi da yawa. In tazarar da ta rage ƴar kaɗan ce, ka sayi ta asali hankalinka kwance. Wanda bai riga ya sayi komai ba, wannan ce shawarata gare shi kai tsaye.

Hanya ta uku ba ta da armashi a baki, amma ita ta fi dacewa da mutane da yawa: a bar furosesan yadda yake. Kwamfutar da ke jan ƙafa wajen Word da Excel da buɗe intanet, galibi tsohon faifai ne mai juyawa da RAM na giga 4 ke riƙe ta. A sa SSD, faifan da ba ya juyawa mai sauri, a kai RAM giga 8 ko 16, a share ƙura. In maganar kariya ce ta dame ka, Linux Mint da Ubuntu, waɗanda ake sawa a madadin Windows, suna tafiya lafiya lau a kan zubi na 6. Sayen i7-7700T kuwa, wanda shi ne ƙololuwar masu T da bod ɗin zubi na 7 ke ɗauka ba tare da taɓa BIOS ba, ban ga hikimarsa ba, tunda ko shi ba ya cikin jerin Windows 11.

Yi wa BIOS aiki yana da wurinsa. Mai sibar da ke da M710q guda goma, yana da mai gyaran da ya yarda da hannunsa, zai iya gwadawa a kan ɗaya, ya bar ta ta yi aiki har zafi ya wuce, sannan ya yanke hukunci a kan sauran. Ya kuma karɓi kofin BIOS na asali na kowace, a rubuce da lambarta.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai sayi wadda aka riga aka yi wa aikin bai sani ba. Juya akwatin ka karanta lambar da ke jiki, sannan a kunna a gabanka ka ga sunan furosesa. M710q, ko OptiPlex 3050, ko EliteDesk 800 G3 da ke nuna lamba mai farawa da 8 ko 9, an taɓa ta. Ka tambaya cikin mutunci: "Alhaji, wannan an yi mata filashin ne? Wa ya yi, kuma ina na asalin?" In ya amsa dalla-dalla, ya rage kuɗi, ya yarda ka dawo da ita in ta ƙi tashi, sai ka duba ko ta yi maka. Kafin ka biya, a haɗa mata wayar intanet a ga tana kamawa, a gwada kowace kafar allo da ke bayanta, a kashe a kunna sau da yawa, a bar ta da bidiyo mai nauyi kamar rabin awa kana sauraren fankar.