Sifirin Peugeot 504 ya kwanta: a buga ko a canza?

Idan bayan tsohuwar akori-kura Peugeot 504 ya zauna, har taya na gogar jiki da zarar an yi lodi, hanya biyu ce.

Ta farko, a kwance sifirin, wato fallayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin bayan motar, maƙeri ya bi kowane falle da guduma har lanƙwasarsa ta dawo. Akwai arha, kuma ƙarfen asali na nan. Sai dai ƙarfen da ya gaji yakan sake kwanciya, falle mai tsaga kuwa guduma ƙarasa shi take yi.

Ta biyu, sabon sifirin, hagu da dama tare, kada motar ta karkace. Da tsada kam. Amma ni in motar dako ce, sabo zan sa, har da bushin, wato robobin da ke mahaɗar sifirin da jikin motar.