Waya ko Farantin Ƙarfe: Haɗe Ƙashin Ƙirji Bayan Tiyatar Zuciya

Bayan likita ya tsaga ƙashin ƙirji gida biyu, sai an haɗe shi. An fi amfani da wayar ƙarfe, guda 6 zuwa 8, a zagaye ƙashin a murɗe. Tana da araha, kuma idan jini ya ɓalle, nan take a datse ta a koma ciki. Matsalarta, in ƙashin ya yi laushi, tari mai ƙarfi kan sa ta yanke shi kamar zare a jikin sabulu.

Farantin titaniyam da sukurori kuwa yana riƙe ƙashin ƙam, ba motsi, sai dai tsada. A ganina ya fi dacewa da mai ƙiba ko ciwon suga. Ko wanne aka sa, ƙashin na bukatar mako 6 zuwa 8 kafin ya kama.