Igiya mai tasowa kan ruwa ko mai nutsewa: wacce za ka saya wa jirgi?

Ɗan'uwanmu na Yawuri ya tambaya ko igiya ɗaya, irin wadda ba ta nutsewa, za ta ishe shi ɗaure jirgi a gaɓa da kuma jan wani jirgin idan injinsa ya mutu. Malam, shawarata ka sayi biyu, domin aikin ba ɗaya ba ne.

A kasuwa duk igiyar roba "nailan" ake ce mata, amma shuɗiyar nan mai arha yawanci polifirofilin ce. Idan nauyin ruwa 1 ne, nata 0.91 ne, shi ya sa take tasowa. Nailan na gaskiya 1.14 ne, poliyesta 1.38, duka biyun ƙasa suke yi. Kafin ka biya, ka sa a yanko maka ɗan guntu ka jefa a bokitin ruwa, ka danna shi ya jiƙe sosai. Nan take za ka san abin da ke hannunka.

Wajen ja, mai tasowa ce ta ka. Da zarar ka rage wuta jirgin baya ya matso, igiya ta saki. Mai nutsewa sai ta yi ƙasa ta naɗe farfela, ko ta maƙale a kututturen itacen da ke ƙarƙashin ruwa, irin waɗanda suka cika tafkin Kainji. Sai ka ga mutum ya ɗaga inji a tsakiyar ruwa yana yankan igiya da wuƙa, jirage biyu suna bin iska. Mai tasowa kuwa tana nan kwance a sama, kana ganinta. Sannan nailan yana talewa kamar danƙo. In ya tsinke ana cikin ja, dawowa yake kamar bulala, kuma yana iya yi wa mutum mummunan rauni. Kowace igiya ce ma, kada ka bar fasinja ya zauna a saitinta.

Wajen ɗaurewa a gaɓa kuma, wannan talewar ita ake nema. Jirgi yana kwana iska tana fizgarsa, nailan yana shanye fizgar, ba ya bari ta tumɓuke turke ko ta ɓalle katakon goshin jirgi. Yana ɗan rage ƙarfi idan ya jiƙe, duk da haka ya fi shuɗiyar ƙarfi in kaurinsu ɗaya. Babban abokin gabar polifirofilin rana ce, ga shi igiyar ɗauri a rana take wuni kullum. Ka murza tsohuwa a tafin hannu: in ka ga gari yana zuba kamar dusa, gashinta yana sukar hannu, ta gama aiki ko da daga nesa tana da kyan gani. Ƙullinta ma yana da santsi, sai ka bar wutsiya mai tsawo ka ƙara ƙulli.

Akwai wata irin igiyar roba da ake kira Dyneema, tana tasowa, ga ƙarfi na ban mamaki, amma tsada gare ta kuma kusan ba ta talewa, ban ga dalilin sayenta don jirgin katako ba.

In kuɗin igiya ɗaya kawai gare ka yanzu, ɗauki mai tasowa wadda ta fi kauri, ka ɗaure da ita, ka naɗa tsohon tiyo ko tsumma a inda take gogar katako. Ta ja kuma, in ka samu hali ka saya daban, ka ajiye ta a buhu ƙarƙashin benci inda rana ba ta kaiwa.