Kunnen kadar ɗin keke ya lanƙwashe: a miƙe shi a sanyi ko a sa wuta?

Salamu alaikum 'yan gurup. Ɗan uwa da ya yi tambaya daga nan Tawa, ka ce kekenka ya faɗi da bido biyu na ruwa a baya, kunnen kadar na dama inda aks ɗin taya ke zama ya lanƙwashe, mai gyaran keke ya ce a miƙe shi haka nan da kile, mai sudur kuma ya ce sai an sa mishi wuta. To ga yadda nike ganin su biyun.

Kafin komi ɗora mayen ƙarfe bisa kadar ɗin, ko na tsohuwar sifika ma ya isa. In ya kama, ƙarfe ne, maganarmu ta zauna. In bai kama ba galibi alminiyom ne, shi kuwa in anka lanƙwasa shi anka maido tsagewa yake yi, wanga bayani ba nashi ba ne.

Miƙewa a sanyi ita nike goyon baya, muddin babu tsaga. Wanke wurin da fetur ka duba da kyau cikin rana, musamman inda kunnen ya shiga cikin tiyo. Ƙarfe yana yarda a maido shi sau ɗaya ko biyu a hankali, abin da ba ya so shi ne a yi ta kai shi ana komo da shi. A fidda taya, a matse kile a molet babba bisa faɗin kunnen duka, ba bakinshi kawai ba, a ja kaɗan a saki a duba, don ƙarfe yana ɗan komawa baya in ka saki. Guduma kam a aje ta, don Allah. Inda masu gyara da yawa ke sakaci shi ne awo, sai su duba da ido su ce ya yi. Samo tsohon aks guda biyu miƙaƙƙu, ka ɗaure ɗaya a kowane kunne da ekuru da rondel, kawunansu na kallon juna a tsakiya, in sunka haɗu kai da kai kunnuwan sun daidaita, in ɗaya ya kalli sama ko gefe to da sauran aiki. Auna tsakanin kunnuwan ma: tsofaffin kekuna milimita 120 ko 126, na tsere da yawa 130, VTT (keken daji) da yawa 135. In anka bar kunne a karkace anka matse taya da ƙarfi, aks ne ke shan wahalar, shi ya sa za ka ga mutum yana ta canza aks yana zargin mai sayar da kaya.

Wuta kuma fa, gaskiya tana sa ƙarfe ya yi laushi, aikin ya yi sauri, amma ina jin tsoronta a wannan wuri. A kekunan ƙarfe da yawa, da tagulla anka manne kunnen da tiyo, ita kuwa wajen digiri 900 take narkewa, in mai sudur ya gasa wurin har ya yi ja yana iya sassauta haɗin ba ka sani ba sai ranar da ka ɗauko kaya. Fenti ya ƙone, tsatsa ta samu ƙofa, in kuma anka tsoma shi cikin ruwa da zafinshi wani ƙarfen sai ya yi gautsi. Duk wannan don lanƙwasar da kile zai iya maidowa.

Inda wuta ke da amfani shi ne in kunnen ya tsage ko ya naɗe sosai, nan sai a fidda shi a manna wani daga mataccen kadar. Ko a nan mai aiki da gas da tagulla za ka nema, ba mai sudur ɗin lantarki da ke haɗa ƙofofi ba, tiyon keke kaurinshi wajen milimita ɗaya ne, nan da nan bagat ke huda shi.

In kekenka mai bites ne, ɗan harshen da derayer (abin canza bites) ke ratayawa zarenshi milimita 10 ne, ɗaya da na aks ɗin baya na kekuna da yawa. Don ka san ko shi ma ya lanƙwashe, ɗaura aks ɗin wata tayar baya a ramin harshen, ka ga ko ta tsaya daidai da taka ta kowane gefe, in ta karkace ita ma ka ja a hankali har su jeru.