Ra'in Durkheim ko na Markisanci: Wanne Ya Dace da Bincikenka?

Ɗalibanmu na ilimin zamantakewa a jami'o'in Akoka da Ojo a Legas sun yawaita tambayar ra'in da za su ɗora bincikensu a kai.

Na Durkheim, masanin zamantakewa ɗan Faransa, ya fi sauƙin kamawa. A wurinsa makaranta haɗa kan al'umma take yi: yaron Agege ta talakawa da na Ikoyi ta masu kuɗi, taken ƙasa ɗaya, jarrabawar WAEC ɗaya. A 1959 Parsons, masanin zamantakewa Ba'amurke, ya ƙara da cewa ƙwazo ke raba matsayi. Nan gizo ke saƙa, domin malami zai tambaye ka ina matsayin yaron da ke tallar ruwa kafin aji.

Markisanci, wato ra'in Karl Marx, irin na Ba'amurkawa Bowles da Gintis, 1976, ya amsa wannan da cewa makaranta na raya bambancin masu kuɗi da talakawa, sai dai yana buƙatar sanin kuɗin da iyaye ke samu, mutanenmu kuwa ba sa faɗa.

Mai nazarin tarbiyya da manhaja ya riƙe Durkheim. Mai bin sawun masu barin makaranta, Markisanci ya fi masa.